Wai me 'yan ƙungiyar binciken kayan tarihi suke yi ne, tunda ba kullum suke haƙa ba?

Tambayar da wani ƙanina ya turo min ita ce: "Yaya, na ci karo da takardar labarai ta wata ƙungiyar masu binciken kayan tarihi ta yankin da nake zaune, na karanta daga farko har ƙarshe ban ga inda suka ce sun tono wani abin kirki ba. Wannan watan lacca, wancan watan fita duba gona, sai ranar wanke tsingaro, sai zaɓen sabon ma'aji. Wai me suke yi ne? Irina da ban karanta fannin ba za su karɓe ni? Kuma in aka dace aka tono zinare na waye?"

To ƙanina wallahi saida nayi dariya, don nima da wannan tunanin na shiga harkar nan, na ɗauka duk Asabar za'a ɗauki diga da shebur a tafi tono tukunyar dukiya, sai gashi ranar farko an miƙo min roba da ruwa da tsohon buroshin goge baki ance zauna ka wanke. Takardar da ka karanta ba ɓoye maka komai sukayi ba, aikin kenan, kuma in kaga ƙungiya kullum labarinta "mun tono, mun tono" to ita ce ma ya kamata kaji tsoro.

Irin waɗannan ƙungiyoyin na yanki sun girmi sashen akiyoloji, wato ilimin binciken kayan tarihi, na yawancin jami'o'in duniya. A Ingila suka fi yin ƙarfi tun farko, ta garin Newcastle an kafa ta a 1813, ta Sussex a 1846, ta Kent a 1857, kuma waɗanda suka kafa su ba furofesoshi bane, limaman coci ne da likitoci da malaman makaranta da masu gonaki, mutanen da garma ke turo musu abu a gona su rasa wanda zasu tambaya. Sai suka riƙa haɗuwa suna nuna wa juna, suna rubutawa, suna bugawa a mujalla, mujallar ta Sussex tun 1848 take fitowa har yau. Daga baya abin ya bazu, Amurka kusan kowace jiha da tata, ta Texas ma duk shekara tana shirya sansanin koyar da tono wanda kowa zai iya zuwa har da yara, Afirka ta Kudu suka kafa tasu a 1945. A Afirka ta Yamma kuwa wani masani ɗan Ingila, Thurstan Shaw, ya fara da 'yar takardar labarai ne a Ibadan a shekarun 1960, irin wadda ka raina ɗinnan, ita ce ta girma ta zama cikakkiyar mujallar yankin a 1971.

Dalilin da yasa basa yawan haƙa shine haƙa ɓarna ce, wannan ita ce magana ta farko da ake cusa wa duk sabon shiga. Ƙasar da mutane suka daɗe a kanta hawa-hawa take, wani ya zauna ya zubar da tokarsa da fasasshiyar tukunyarsa, bango ya faɗi ya rufe, wani ya zo ya daɓe yayi gini a kai, gobara ta ci, a haka har mita biyar ko goma. Na ƙasa ya riga na sama, shine duk sirrin. Ranar da ka cire hawa ɗaya shikenan ya tafi, babu mai iya mayar dashi, abin da ka rubuta ka auna ka ɗauki hotonsa kaɗai ya rage wa duniya. Kaga Heinrich Schliemann, Bajamushen nan da ya tono birnin Troy a ƙasar Turkiyya a shekarun 1870, zumuɗi yasa ya tsaga tudun da wani ƙaton rami tun daga sama har ƙasa yana neman zinare, ya kuma samu a 1873, amma zinaren ya girmi zamanin da yake nema da kusan shekara 1,000, hawan da yake nema ɗin kuwa ya riga ya ratsa ta cikinsa ya watsar da wani ɓangare. Garin neman gira aka rasa ido. Shi yasa ƙungiya mai hankali in wuri ba ya cikin haɗari sai ta barshi a kwance, ta auna, ta zana taswira, ta sa ido, sai in za'a yi hanya ko gini ko zaizayar ruwa na cinsa sannan a nemi izini a shiga.

Fita duba gonar nan da ka gani, ita ce aikin da na fi so har yanzu. Bayan an yi huɗa kuma ruwa ya ɗan daki ƙasar ya wanke ta, sai a nemi izinin mai gona, a jera mutane kamar sahu, tsakanin kowa da kowa mita 10 ko 20, a ja igiya ko a kafa turaku a raba filin gida-gida, kowa ya sunkuyar da kai yana tafiya a hankali yana tsintar abin da hannun mutum ya taɓa, tsingaro, kashin maƙera, guntun dutsen niƙa, ƙanƙarar dutse da aka fasa da gangan. Kowane gida da ledarsa da lambarsa. Awa uku kana tafiya baka ga komai ba sai ciwon wuya, amma in aka dawo aka ƙirga aka ɗora a kan taswira sai kaga abin mamaki, kusurwar gabas tsingaro ya taru cunkus, can gefen rafi kashin maƙera ne zalla, tsakiya fayau. Ba'a saka shebur ko sau ɗaya ba amma an san nan gidaje suke, can masu narka tama suke nesa da gidaje saboda wuta da hayaƙi. Yanzu ma an samu sauƙi, akwai na'urar da ake ratsa fili da ita tana auna maganaɗisun ƙasa ta nuna inda aka taɓa hura wuta ko aka haƙa rami ya cike, akwai hoton jirgi mara matuƙi, har hoton tauraron ɗan'adam na kyauta a intanet mutane na zaune a ɗaki suna gano tsohuwar ganuwa dashi, don shuka kan fi tsawo da kore a kan tsohon rami, ta kuma tsumbure a kan tushen bango.

Sai wankin. Kar ka raina ranar wanke tsingaro, can ake zama gwani. Mu a wajenmu tsingaro ya fi zinare amfani nesa ba kusa ba, saboda tukunya kowa na da ita, talaka da sarki, tana saurin fashewa, in ta fashe ba mai ɗauka, kuma gasasshen yumɓu baya ruɓewa. Sannan yayi yana canzawa, bakin tukunyar wannan zamanin daban da na jikokinsu, adon da ake yi da igiya ko da tsinke ko da wani abu da ake mirginawa a jikin ɗanyen yumɓu shima yana canzawa, to in ka wanke dubu biyu dubu uku hannunka da kansa zai fara ganewa tun kafin idonka. Akwai wata dattijuwa a ƙungiyar da na fara, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce bata taɓa shiga ajin akiyoloji ba, amma in ta juya tsingaro a hannu ta kalli karyayyen gefensa taga irin yashin da aka cuɗa a ciki zata gaya maka daga wane hawa ya fito, masu digiri na biyu a bayanta suke layi. Ranar da abin ya kama ni kuwa, ina wanke wani guntun gindin tukunya ne laka ta fita sai ga shaidar babban yatsa a ciki, inda mai ginin ta danna tun yumɓun na ɗanye, har layukan fatar ana gani, na ɗora nawa yatsan a kai ya zauna ɗaram sai dai nata ya ɗan fi ƙanƙanta. Na daɗe a zaune ban ce komai ba.

Abin da ba'a wankewa shima sai an koya maka. Ƙarfe ba'a sa masa ruwa, gawayi ba'a wankewa, tukunyar da aka ga baƙin ƙonannen abu a cikinta a barta yadda take don daga wannan ƙanzon ake gane abin da aka dafa. Gawayin nan shi ake turawa ɗakin gwaji a auna shekarunsa da hanyar kabon 14 wadda Willard Libby ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940 har ya samu kyautar Nobel a 1960. Duk abu mai rai yana ɗaukar wannan sinadarin, in ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na tafiya duk bayan shekara 5,730, ana iya aunawa har wajen shekara 50,000 baya. Amma fa gwajin shekarun icen zai gaya maka, ba shekarun tukunya ba, sai in ka tabbatar a hawa ɗaya ka same su, kaga mun sake dawowa kan rubutu da lamba. Kuma gwajin nan kuɗi ne, ɗan kuɗin rajistar membobi da abin da aka tara a lacca dashi ake biya, dashi ake buga mujalla ana sayen leda da kwali, to zaɓen ma'aji da ka gani a takarda ba ƙaramin labari bane.

Yanzu bari in gaya maka abin da yasa nake ganin ƙungiyar yanki ta fi ƙarfin a raina ta. Duba manyan abubuwan da aka gano a duniya kaga su waye suka fara gani. Sojojin yumɓu na ƙasar Sin, dubbai, manoma ne suka ci karo dasu a 1974 suna haƙa rijiya kusa da Xi'an. Kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe, mai sama da mita 8 wanda ya kai shekara wajen 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka, wani makiyayi Bafulatani ne ya taɓo shi a 1987, shima rijiya yake haƙa. Kayan tagullar Igbo-Ukwu a jihar Anambra, Isaiah Anozie ramin tara ruwa yake haƙa a gidansa a ƙarshen shekarun 1930. Fadar Rumawa ta Fishbourne a Ingila, mai shimfiɗa bututun ruwa ne ya fasa ta a 1960. Duk masu neman ruwa ne, ba mai neman tarihi ko ɗaya a cikinsu. Abin da ya raba waɗannan da dubban da suka salwanta ba'a ji labarinsu ba shine an samu wani a kusa wanda ya san darajar abin kuma labari ya kai gare shi da wuri. A Sin wani ma'aikacin al'adu na ƙaramar hukumar, Zhao Kangmin, shi ya je ya tattara guntayen ya harhaɗa. A Fishbourne masu binciken yankin aka sanar, Barry Cunliffe ya jagoranci tonon da 'yan sa kai, kuma har yau ƙungiyar Sussex ce ke riƙe da wurin. Jami'a na can nesa, hukuma na babban birni, kafin takarda ta je ta dawo katafila ta gama aiki. Wanda zai iya zuwa da yamma a kan babur ya duba ramin, ya roƙi ɗan kwangila ya ɗaga ƙafa kwana biyu, wannan ɗan ƙungiya ne, kuma laccar nan ta wata-wata da ziyarar makarantu amfaninsu kenan, mai haƙa rijiya ya san akwai wanda ake kira.

Maganar zinare kuma, kowace ƙasa da dokarta, amma babu inda na sani da doka tace ɗan ƙungiya ya sa a aljihu. A Ingila akwai dokar 1996 da ta ce in ka tsinci abin da ya shiga sahun dukiyar tarihi ka kai rahoto cikin kwana 14, in gidan tarihi na so sai a yi masa kuɗi a biya, a raba tsakanin wanda ya tsinta da mai fili. Haka akayi da tarin Staffordshire da aka gano a 2009, zinare sama da kilo 5, aka yi masa kuɗi fam miliyan 3 da ɗoriya. Wanda ya fi burge ni shine na Hoxne a 1992, wani dattijo ne yake neman gudumar abokinsa da ta ɓata a gona da na'urar gano ƙarfe, sai ga cokulan azurfa da tsabar kuɗin Rumawa, ya ɗebi kaɗan sai ya tsaya ya kira hukuma, washegari masana suka zo suka ɗauke sauran da ƙasarsa, tsaba kusan 15,000, kuma saboda ya tsaya ɗin har aka gane yadda aka jera kayan a cikin akwatin katako da ya riga ya ruɓe. Gudumar ma an same ta, tana gidan tarihin Birtaniya tare da dukiyar. A Najeriya kuwa da ƙasashe da yawa tsarin daban ne, ba'a tono sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa wadda dokar 1979 ta kafa, ba'a fitar da kayan tarihi waje sai da takardarta, saye da sayarwa ma ba kowa aka yarje wa ba. Ka tambayi ƙungiyar taku dokar inda kake, suna da ita a haddace.

In kana son ganin abin da ke faruwa in kasuwa ta riga masana isa wuri, duba Nok da ke kudancin jihar Kaduna. Tun 1928 aka fara ganin mutum-mutumin gasasshen yumɓu a wajen haƙar kuza, wani masani ɗan Ingila Bernard Fagg ya gane al'ada ɗaya ce a shekarun 1940 bayan an kawo masa wani kan mutum-mutumi da aka ce an kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye. Da kuɗi ya shigo harkar, musamman shekarun 1990, aka bi wuraren aka rarake su kamar gidan gara, kayan suka cika kasuwannin Turai, kyawawa dasu amma ba wanda ya san daga wane rami suka fito, me ke gefensu, kabari ne ko gida. Tsintacciyar mage bata mage. Saida masu bincike na jami'ar Frankfurt da abokan aikinsu na Najeriya suka fara aiki a 2005 suna bin tsingaro da gawayi da ƙonannen hatsi, sannan aka gane mutanen sun fara zama a wurin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun kafin su fara yin mutum-mutumin. Wannan ne ma yasa zakaga takardar ƙungiya tana cewa "wani fili a arewacin yankin" bata faɗi takamaiman wurin ba, ba rowa bace, ɓarayi ma suna karatu.

Ba zan ce maka ƙungiyoyin nan basu da aibu ba. Babban ciwonsu tono ba rubutu, tono daɗi gareshi kowa na so, rubuta rahoto kuwa shekara biyu kana fama kai kaɗai da tebur. Na taɓa shiga ɗakin ajiyar wata ƙungiya na tarar da kwalaye sun kai silin, na tonon da akayi tun kafin a haife ni, wanda ya jagoranta ya rasu, littafinsa na fili ba'a san inda yake ba, lambobin da aka rubuta a takarda aka jefa cikin leda danshi ya cinye su. Wannan da abin da ɓarawo yayi bambancinsu kaɗan ne, niyya ce kawai. Sannan akwai tsufa, yawancin membobi masu furfura ne, akwai kuma 'yar rigimar shugabanci da ba'a rasa ta duk inda mutum uku suka taru, da dattijon da ya riƙe wata fahimta tun shekara 40 ko gwaji ya ƙaryata shi ba zai saki ba. In zaka auna ƙungiya kafin ka shiga, tambaye su rahoton tononsu na ƙarshe ina yake, kuma kayan suna ina. In suka miƙo maka ka shiga da ƙarfinka, in suka fara kame-kame to ka je laccarsu dai amma kar ka riƙe musu shebur.

Karɓa kuwa zasu karɓe ka hannu bibbiyu, matashi ma nema suke ruwa a jallo. Basil Brown da ya tono jirgin ruwan da aka binne a Sutton Hoo ta Ingila a 1939, tun yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka ya bar makaranta, da kansa ya koyi komai, kuma jirgin nan mai tsawon mita 27 katakonsa duk ya ruɓe, ƙusoshi ne kawai da inuwarsa a cikin yashi, da wani mai gaggawa ne da ya kwashe shi a baro bai san yayi ba. Sanin ƙasa ne ya cece shi, ba takarda ba. Duk abin da ka iya akwai gurbinsa, mai ɗaukar hoto, mai zane, wanda ya iya kwamfuta ya shigar da lissafin kayan, magini da ya san yadda bango ke faɗuwa, manomi da ke gane ƙasar da aka taɓa juyawa da wadda ba'a taɓa ba, direba ma. In suka fita tono na gaske zasu haɗa ka da wani ya nuna maka yadda ake kankare ƙasa da ɗan ƙaramin cokalin magina, kana ja da baya kana barin wuri fes a gabanka, in launin ƙasa ya canza ka tsaya ka kira mai kula da ramin.

Kafin nan, tunda nasan yanzu idonka zai fara buɗewa a hanya, in ka ga wani abu kar ka zaro shi. Ɗauki hoto yana inda yake, ka ajiye biro ko makulli a gefe don a gane girmansa, ka ja baya ka sake ɗauka yadda za'a ga bishiya ko gini, ka adana wurin a taswirar wayarka, kar ka sa a Facebook da sunan wurin. In dole ne ka ɗauke don ruwa zai tafi dashi, sa shi a leda da takarda mai kwanan wata da wurin, ka kuma rubuta a jikin ledar. Kar ka goge, wani ya taɓa kawo min tsabar kuɗi ya dirje ta da toka da lemon tsami tana ƙyalli yana murna, rubutun da za'a karanta a san zamaninta ya tafi tare da tsatsar, gyaran gangar Auzinawa. In kuma ƙashin mutum ne to ba ƙungiya zaka fara kira ba, 'yan sanda ne, su zasu tantance tsoho ne ko sabo.

Ka je ranar wankin nan da suka sa a takarda, ka tafi da tsohon buroshi da kayan da baka jin tsoron su ɓaci, ka zauna kusa da wanda ya fi kowa tsufa a wurin.